Rasuwar Malam Seyni Yakuba, Malamin da Ya Koma Benci Saboda 'Ya'yanmu

Cikin alhini da sallamawa ga hukuncin Ubangiji, Ƙungiyar Iyayen 'Yan Lakwal ta Tungar Sallau, ƙasar Gaya, ta samu labarin rasuwar malaminmu mai daraja, uban 'ya'yanmu, Malam Seyni Yakuba, bayan zazzaɓin da ya kwantar da shi a farkon daminar nan. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Marigayin ya zo mana a shekarar samun mulkin kai, ba shi da takardar koyarwa sai satifikar firamare. Da yaranmu suka yi ta faɗuwa jarrabawa, har iyaye suka fara mayar da su fadamar shinkafa, lakwal, wato makarantar boko, na shirin mutuwa, sai bawan Allahn nan ya miƙe gaban Mai Girma Maigari da dattawa, ya ce kada a doki yaro ko ɗaya, domin guga ba ya ɗebo abin da babu a rijiya. Ƙarancin saninsa ne shi malamin, a yi masa haƙuri ya ƙaro.

Tun daga nan, duk hutun damina sai ya tafi Dosso horon malamai, ya zauna benci da furfurarsa cikin sa'o'in ƙannensa, mu kuwa mu yi masa gayya a gona. Ya faɗi, ya koma, har bara ya samo takardar. Wallahi mun ga bambanci! Sakamakon bana ya iske mu zaune kan tabarmar makokinsa: yawancin ajinsa sun ci, har da Kaltuma 'yar Sarkin Ruwa, mace ta farko da ta taɓa ci a garin nan. Kaico, bai ji da kunnensa ba.

Muna miƙa ta'aziyya ga mai ɗakinsa, Malama Bibata, da 'ya'yansa da dangi baki ɗaya. Allah Ya jiƙansa, Ya haskaka kabarinsa, Ya ba su juriyar wannan babban rashi.

Muna roƙon Mai Girma Sufeton Makarantu ya turo mana horarren malami, muna kuma roƙon iyaye kada kowa ya cire ɗansa. Gayyar gonar Malam tana nan ranar Alhamis kamar kullum. Kowa ya fito da hauyarsa.

Alassan Bawa
Kakakin Ƙungiyar Iyayen 'Yan Lakwal, Tungar Sallau
Yuli, 1966