Ciyawar Bayan Raga

4 ga Mayu

Baba,

Gaisuwa mai yawa, da fatan ƙafar ta yi sauƙi, kuma ma'aikatan gidan tsofaffin nan na Akureyri suna kula da kai.

Filin ƙwallon garinmu ya mutu, kuma ni na kashe shi. Bara da ka bar mini aikin kula da shi, na sa aka nome tsohuwar ciyawarka, na shuka irin waje mai saurin tsiro, duk da ka hana. A Janairu aka yi ruwa, sanyi ya biyo baya, ƙanƙara ta kwanta a kan filin wata uku. Da ta narke, ba abin da ya tashi sai warin tsami.

Kwamiti zai zauna ƙarshen wata. Suna so a shimfiɗa ciyawar roba a huta. Wuri ɗaya ne ya yi kore: bayan ragar arewa, inda garma ba ta kai ba. Na duba takardunka kaf ban ga sunan irin ba. A ina ka saya?

Ka huta lafiya.
'Yarka, Steinunn

11 ga Mayu

Steinunn,

Na amsa gaisuwa. Ƙafa tana nan, ita ma ba ta jin magana, kamar ke.

Ai na faɗa miki, ciyawar da ke tsiro cikin kwana shida ta masu ɗaukar hoto ce. Tawa sai ta yi wata kafin ta leƙo, don a ƙarƙashin ƙasa take tafiya.

Ba sayenta na yi ba. Shekarar da mahaifiyarki ta rasu, kina da shekara biyar, na je kangon gidansu a ƙarshen kwari. Bayan garken tumaki akwai ciyawar da kofato da ƙanƙara suka yi ta taka tun zamanin kakanninta, ba ta mutu ba. Na yanko ta falle-falle da ƙasarta, na dasa a bayan ragar nan. Shekara ashirin ina ɗiba ina matsawa har ta rufe filin.

Ban taɓa faɗa ba. Kunya nake ji a ce Ketill ya mai da filin ƙwallo kabarin matarsa. Hana ki na yi ban ba ki dalili ba, don haka rabin laifin nawa ne.

Ki yanka kamar tafin hannu, ki dasa taku ɗaya-ɗaya. Kada kowa ya taka sai an shekara.

Mahaifinki, Ketill

2 ga Yuni

Baba,

Ina gaisuwa. Na yi mako uku ban iya ba ka amsa ba, saboda fushi. Ba ni da komai nata sai hoto ɗaya, ashe a kan abinta na girma ina gudu, kuma ka tsaya kana kallo na sa mata garma.

Na karanta wa kwamiti wasiƙarka, ka yafe mini. Bergur, shugaban, ya ce, “Wato shekara guda za mu yi muna wasa a filin maƙwabta suna mana dariya?” Tsohuwa Rannveig ta ce masa, “Kai da ƙafarka ba ta taɓa cin ƙwallo ba, ina ruwanka da inda za a buga?” Sun ba mu shekara ɗaya.

Ranar Asabar mutum talatin suka fito da shebur. Mun dasa har tsakiyar fili. Yunin baɗi zan zo in ɗauko ka ka gani da idonka.

Ka kula da kanka.
Steinunn

9 ga Yuni

'Yata,

Na gode, kuma kina da gaskiya da kika yi fushi.

Likita ya ce kada in sa rai da Yunin baɗi. Idan lokacin ya yi, ki yanko falle biyu ki rufe ni da su. Amma daga bayan raga. Kada ki taɓa wadda kika dasa, ba ta kama ba tukuna.

Ki zauna lafiya.
Babanki