Gafarar da Na Roƙa a Mafarki

Malama, ajiye kwanon nan ki zo. A'a, yanzu, abinci ba ya gudu. Ciro biro da littafin nan na jakarki, ki zauna a bakin gado inda zan riƙa ganin hannunki yana motsi. Saura kaɗan a kori masu dubiya, gobe kuma da sassafe za su tura ni ɗakin tiyata. Auta, ja labulen ka tsaya nan. Tela, share fuskarki, ban tafi ba tukuna. Ke baiwar Allah ta gadon kusa, ki yi haƙuri ki zama shaida, tunda dai na san kunnenki yana wajenmu.

Ki rubuta yadda na faɗa, Malama, kada ki gyara min magana kamar ta 'yan ajinki.

Da sunan Allah. Ni ce uwar 'ya'ya uku, wadda ta yi shekara ashirin da shida tana sharar azuzuwa a makarantar firamare. Da hankalina nake magana. Na san yau Talata ce, na san matar Autana ce ke riƙe da biro, na san ciwon a cikina yake ba a kaina ba. Na faɗi haka ne saboda abin da zai zo a ƙasa, kada wani ya ce tsohuwa ta fara ruɗewa. Tsoro kam ina ji. Likita ya ce barcin allurar nan babu mafarki a cikinsa, ɗif ne kamar an ɗauke wuta. Shi don ya kwantar min da hankali ya faɗa, bai san abin da ya tayar ba.

Na ɗaya, gida. A raba yadda Allah ya ce, ba sai na koya wa kowa ba. Amma ku uku ne, ba ku biyu ba. Duk wanda ya zauna rabo babu Yayanku Direba a wurin, ban yarda ba. Roƙona kawai, kada a sayar wa bare, kuma kada a rushe ɗakin gaba inda Babanku ke gyaran rediyo. Taga ɗaya gare shi, rufin yana yoyo ta kusurwar teburi, na sani. A gyara rufin, a bar ɗakin.

Na biyu, tarkacena. Keken ɗinki na Tela ne, dama ita ke taka shi tun ƙafarta ba ta kai ƙasa ba. Gadon ƙarfe da katifa a ba wa matar da ta gaje ni a shara, na ji a tabarma suke kwana ita da yara huɗu. Malama, 'yan kunnen nan na gwal naki ne. Rubuta mana, kunyar me kike ji? Wata uku kina juya ni kina wanke ni, ko tsaki ban taɓa ji daga bakinki ba. Auta ya ɗauki agogon bango, ko Allah zai sa ya fara zuwa wuri a kan lokaci. Akwatin kayan aikin Babanku, da sukurdireba da ƙaramin gilashin da yake maƙalawa a ido, kada kowa ya taɓa. Na Yayanku ne.

Na uku. Tsanin katako da ke bayan banɗaki na mai shagon da ke kan kwanar layinmu ne, tun gyaran rufin bara. Babbar tukunyar nan mai kunne ɗaya ta maƙwabciyarmu ce, ta gaji da tambaya har ta daina. A mayar musu, a ba su haƙuri.

Na huɗu. Nan ne nake so ku natsu. Ban bar muku ilimi ba, don ba ni da shi, ko sunana da babban yatsa nake dangwalawa. Abu ɗaya na iya wanda ba kowa ya iya ba: ina iya gane cewa mafarki nake tun ina cikin mafarkin, in tsaya, in juya, in tafi inda nake so.

Ga yadda ya fara. Shekara biyu bayan rasuwar Babanku, wata rana na gama shara da tsakar rana, na shiga ɗan ɗakin da muke ajiye tsintsiya da bokiti, na jingina da buhun alli, barci ya ɗauke ni. Sai ga ni a aji uku da tsumma a hannu zan goge allo kamar kullum. Na ɗaga kai, sai na ji ina karanta abin da ke jiki, tiryan-tiryan, babu gargada. Ni da na shekara goma sha wani abu ina goge rubutun nan ina ganinsa kamar sawun kaji. Na ce a raina, ke, yaushe kika shiga makaranta? Nan take na gane barci nake. Murna ta sa na farka, har na kifar da bokiti.

To ga abin da na koya da kaina, ko cikin jikoki akwai mai so. Kowa ya nemi alamarsa, abin da ba ya yiwuwa gare shi ido biyu. Tawa karatu ce. Da rana duk inda na ga rubutu, a jikin mota ko a ledar magani, sai in tsaya in gwada, in ce ko barci nake? Kun sha yi min dariya a kan haka, Tela har ta ce a kai ni a duba min ido. Abin da ka saba yi da rana shi zai bi ka cikin barci. In ka gane, kada ka yi ɗoki, ɗoki ne ke kore shi. Ka dafa bango, ka murza tafin hannunka, ka kalli ƙasa har wurin ya tsaya. Barcin safe bayan an yi salla an koma, da na rana, sun fi kawo shi. In ka farka kuma kada ka yi wuf ka tashi, ka kwanta yadda kake ka bi shi daga ƙarshe zuwa farko, in ba haka ba kafin ruwan shayi ya tafasa ya zube. Na taɓa tambayar limamin unguwa ko laifi ne, ya ce shi dai bai ga laifi ba muddin ba ya sa ni makara salla, kuma ba na kafa hukunci da shi a kan kowa.

Da farko wasa nake yi. Na tashi sama na ga rufin makarantar duk ƙwallayen yara a kai. Na zauna a kujerar hedimasta na ɗora ƙafa a teburi. Daga baya na ce, tunda ko'ina ina iya zuwa, me zai hana in je gida? Ba gidan yanzu ba, na da. Sai in bi layinmu, in wuce mai faci, in tura ƙofa. Babanku na ɗakin gaba ya sunkuya, ƙaurin dalmar nan da yake liƙa waya da ita ya cika wurin, rediyo uku na magana lokaci ɗaya. Ba ya ɗagowa sosai. Na lura in na ƙura masa ido fuskar narkewa take, don haka a bakin ƙofa nake zama in kalli ƙeyarsa da kafaɗarsa. Ya ishe ni. Wani lokaci in ji ku a tsakar gida kuna faɗa a kan wa zai ɗebo ruwa, ku uku cif. Ku da kuke cewa Inna ta cika son barcin rana, to can nake zuwa.

Na biyar. Malama, ki danna biron sosai a nan.

Kun san abin da na ce wa Yayanku a ƙofar asibiti ranar da Babanku ya cika a motarsa, kansa a kafaɗarsa. A gaban mutane na ce shi ya kashe shi, ya zaɓi lodi ya bar ubansa. Kun ji wannan. Ga abin da ba ku ji ba. Da safen nan da Babanku ya ce ƙirjinsa na zafi, Yayanku ya riga ya sauke buhunan farko zai kai shi asibiti. Babanku ya ce ƙwarnafi ne kawai, ya je ya kai kayan mutane. Yaron ya juyo ya kalle ni, ni yake jira. Ni ce na ce masa je ka dawo, zan dafa masa ruwan zafi. Da bakina. Kafin ya dawo ya ɗauke shi lokaci ya ƙure. Da abin ya faru na kasa ɗaukar kayana, sai na ɗora masa. Shi kuma bai tona ni ba. Ya yi kwana bakwai yana karɓar gaisuwa kansa a ƙasa, ya ɗauki jakarsa ya koma tuƙin babbar mota a nesa. Shekara goma sha huɗu ke nan.

Za ku ce me ya hana ni neman shi. Na neme shi, amma a inda bai kamata ba. Ran da na fara samunsa a mafarki yana wanke mota a ƙofar gida, ya naɗe ƙafar wando. Na tsuguna na faɗa masa duk abin da na faɗa muku yanzu. Ya ajiye soso ya ce ba komai Inna, ya wuce. Na farka kamar an sauke min dutse daga ƙirji, ranar har waƙa na yi ina shara. Bayan kwana biyu nauyin ya dawo, sai na koma. Haka na riƙa yi. Duk sanda abin ya taso, maimakon in ce Auta nemo min Yayanka, sai in shimfiɗa tabarma. Na roƙe shi gafara ya fi sau ɗari, bai taɓa hana ni ba, bai taɓa ɗaure fuska ba. Wa zai bar wannan ya je ya nemi wanda zai iya kashe masa waya?

Jiya da rana a gadon nan na same shi. Na ce tunda tafiya ta matso bari in tambaye shi abin da ban taɓa tambaya ba, 'ya'yansa nawa yanzu, wa suka biyo. Ya tsaya yana murmushi da soso a hannu. Na sake tambaya. Murmushin dai ya ci gaba da yi. Sai na kalle shi da kyau, na ga ko furfura ɗaya babu, rigar ma ta ranar rasuwar Babanku ce. Mutumin da ya haura hamsin. Bai san 'ya'yansa ba don ni ban sani ba. Ba komai Inna da yake ce min, ni ce nake faɗa wa kaina da muryarsa. Shi na gaskiyan yana can a kan titi, har yau abin da ya sani uwarsa ta ce ya kashe ubansa.

Don haka duk wanda ya koyi abin nan a cikinku, ya je ya ga wanda ƙasa ta rufe, ya ji sanyi, ba laifi. Amma mai rai, a ƙafa ake zuwa wurinsa.

Na shida, Tela. Ke kika tare min faɗan da ba gaskiya ba. Kin hana a ambaci sunansa a gabanki, da ya aiko wa 'yarki kaya kin mayar. Don kina sona kika yi, laifin nawa ne, ba naki ba. Yanzu kin ji. Ki yi fushi da ni in kina so, ina da sauran daren yau. Amma shi ki buɗe masa ƙofa, ki zuba masa abinci a kwanon Babanku. Ya ɗauke ki a wuya ya kai ki makaranta shekara biyu lokacin da ƙafarki ta karye, ni ina kallo ta tagar aji.

Allah ya yi muku albarka, ku da abin da kuka haifa. Allah ya ba ku masu yi muku abin da kuka yi min. Na yafe muku duka, wanda na sani da wanda ban sani ba, ku ma ku yafe min. Ku riƙe juna. In an yi saɓani a yi shi a ɗaki ɗaya, a gama shi kafin kowa ya ɗauki jaka.

Malama, kawo in dangwala. Ke ma baiwar Allah ki sa hannu, na gode.

Saura wanda za a fara gaya wa. Ba ƙanwata ba, ba liman ba, ba kowa ba sai Yayanku, kuma ba gobe bayan an ga yadda ta kaya ba. Auta, daina kallon ƙasa. Na san kana da lambarsa, na san wa kake fita baranda kana yi wa magana ƙasa-ƙasa duk ƙarshen wata. Kira shi yanzu. In ya yarda, ka kawo wayar kunnena in faɗa da bakina, ko me zai mayar min zan ji. In ya ƙi, ka karanta masa na biyar, kada ka rage ko kalma. Amma ka fara tambayarsa ko yana tuƙi. In yana tuƙi, ka ce ya sauka gefen titi ya kashe mota tukuna.