Baba Ya Yi Taimama a Bakin Rijiyarsa

Zuwa ga ƙanena Mas'ud,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka lafiya, kai da Mu'minatu da yara. Yaya Fatakwal da ruwan sama? Mu nan Sabon Birni sai godiya. An yanke gero, dawa ce ta rage. Ƙanwarmu Sa'adiya ta sauka lafiya, an samu namiji, an sa masa Hafizullahi, kuma kowa ya ce kunnuwanka ya kwaso, Allah Ya ba shi haƙuri. Baba yana nan da sauƙi, sai dai gwiwoyin nan da suka hana shi zuwa Tsamaye wa'azi.

Na san za ka ce me ya hana ni kiranka a waya. Na san halinka ne. Kana fara wannan dariya taka, kana cewa "Yaya Ikilima ke nan", sai in manta abin da na kira ka a kai. Shi ya sa na rubuta, na ba Is'haƙa direba ya kawo maka hannu da hannu.

Maganar gidan man fetur ɗinka ce da hukuma ta rufe. Na'Allah, da ka bar wa kula da wurin, ya gaya maka ma'aikata sun zo daga Sakkwato sun sa wa famfuna kwaɗo, kai kuma ka ce masa ya kwantar da hankalinsa, za ka yi magana da wani babba a buɗe. Abin da bai gaya maka ba shi ne yadda abin ya faro, domin Baba ya hana kowa ya ɗaga maka hankali.

Tun tsakiyar damina muka fara jin fura tana warin fetur. Na yi wa 'yata Ruƙayyatu faɗa, na ce ta ɗebo ruwa a jarkar mai, yarinya ta yi ta rantsuwa tana kuka. Ashe rijiyar gidanmu ce. In ka ja guga ka duba da rana, sai ka ga maiƙo yana ƙyalli a saman ruwan. Ka san tsakanin rijiyar da tankin da ka binne, katanga ce kawai. Muka koma sayen ruwa a hannun 'yan garuwa. Ran nan mai ruwa ya makara, la'asar tana neman kuɓucewa. Na leƙo na ga Baba ya ja guga, ya sunsuna. Shi da ya karantar da rabin garin nan cewa ruwan da ƙamshinsa ya jirkita ba a alwala da shi, sai ya aje butarsa, ya dafa ƙasa ya yi taimama, ga rijiya cike a gabansa. Mas'ud, na koma ɗaki na yi kuka har na gode Allah.

Ma'aikatan nan kuma ba da sharri suka zo ba, na tsaya na ga aikinsu. Sun gwada tankin, sun haƙa gefensa, ƙasar ta fito baƙa tana ɗoyin mai. Babbansu ya ce tsatsa ta ci gindin tankin, ya daɗe yana yoyo. Ya ce doka ta wajabta a tono shi, a kwashe ƙasar da ta sha mai, a sa sabo mai bango biyu, a kuma riƙa zuwa ana gwada shi. Baba ya sa aka shimfiɗa musu tabarma a zaure, ya sa musu albarka. Da ya tambaye su ko rijiyar za ta dawo, sai suka ce in an tone tankin yanzu, ana sa ran ta wanke a hankali, wataƙila bayan damina ɗaya ko biyu. In kuwa aka ci gaba da zuba mai a ciki, to a haƙura da ita, har da ta maƙwabta.

Ban ce abu ne mai sauƙi ba. Na san da guminka ka gina wurin nan, na kuma san yadda Baba ya yi alfahari ranar da ya yi addu'ar buɗe shi. Har yau bai taɓa ambaton ka da laifi ba. Da na matsa masa, cewa ya yi ɗanai bai sani ba, in ya sani za shi gyara. Kullum da safe yana zuwa ya ja guga da kansa, ya sunsuna, ya ce da saura, ya mayar da murfi.

Abin da ya sa na karya umarninsa shi ne wannan. Ka tuna da ruwan rijiyar nan aka yi wa Inna wanka ranar da ta rasu. Shekaranjiya ina gyara masa shimfiɗa, sai ya ce mini, kamar yana maganar cefane, shi ma da ita yake so a wanke shi, in dai ta gyaru kafin lokacin ya yi. Baba ya tsufa, Mas'ud. Ban san damina nawa ta rage masa ba. Don Allah kada ka kira wancan babban. Ka kira Na'Allah, ka ce a fara tono.

Ka gaishe mini da Mu'minatu da Basira da ƙaramin Usmanu. Kawu Wada da Goggo Khadijatu suna gaishe ka, haka Sa'adiya da mai kunnuwa. Baba bai san na rubuto ba, amma kullum bayan salla da sunanka yake fara addu'a. Allah Ya tsare mini kai, Ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ni ce yayarka mai ƙaunarka,
Ikilima.