Wani Direban Katafila

Yayana,

Gaisuwa mai yawa, ya iyali? Ina haɗa rahoto kan rusau ɗin bakin kogi. Takardu huɗu na samu, duk sun ce ba kowa a gidajen ranar. Da na bi diddigi, ashe junansu suka kwafa, ta farkon kuma ofishin rusau ɗin ne ya fitar. Shugabata a wurin aiki ta ce majiya ɗaya ce wannan, in nemo ganau. Kai ka tuƙa katafila ranar. Me ka gani? Ba zan sa sunanka ba.

Ƙanwarka, Auta

Auta,

Muna lafiya. Ba kowa? Ƙarya suke! Da kulake aka fito da mutane. A gabana aka fasa wa wata tsohuwa kai da gindin bindiga, jini har kan tukunyar da ta rungume. Wani tela ya koma ɗauko keken ɗinkinsa, na kashe inji. Oga ya finciko ni ƙasa, ya ɗora surukinsa kan katafilar, bango ya rufta kan telan. Har yau ina jin ihunsa. Ki riƙe bakinki, tun kina ƙarama ba ki iya ɓoyo ba.

Ki gaida mijinki. Yayanki

Yaya,

Barka da war haka. Rahoto ya fito, ya tada ƙura! Kwantar da hankalinka, "wani direban katafila" kawai na rubuta.

Auta

Auta,

Sallama. Ni ce, matar yayanki. Direbobi biyu ne ranar, ɗayan surukin Oga. Duk karatunki ba ki yi wannan lissafin ba? Jiya wasu ƙarti sun tare yayanki bakin gareji, suka ɗora hannunsa na dama kan dutse, suka daddatse shi da ƙarfe. Haƙoransa biyu a ƙasa na tsinto. Wallahi ina jin haushinki.

Sai wani jiƙon.

Yaya,

Sannu, sannu. Kuka ya hana ni zuwa in dube ka. Ka yafe mini. Yanzu ofishin yana cewa ƙirƙirar direban na yi. Shugabata ta ce majiyar da ba a iya tabbatarwa, a cire ta. Gobe zan cire, ko sa ƙyale ka.

Taka, Auta

Auta,

Ina gaisuwa. Ni ke faɗa, matata ke rubutawa tana harara ta. In kin cire, telan nan ya mutu a gidan da ba kowa ke nan. Hannun dai sun riga sun karɓa. Sa sunana cikakke, har da na Baba.

Ki zo da kanki, in dangwala miki da na hagu.

Yayanki