Ƙararrawar da Aka Buga Allura Tana Jikin Kyanwata

Daga:
Hedley Pardy,
Ɗaki na 14, Gidan Dattawa na Bakin Ruwa,
Fortune, Newfoundland.

Laraba, 5 ga Nuwamba, 2025.

Zuwa ga:
Uwargida Loretta Hillier,
Shugabar Kwamitin Kula da Gidan Dattawa na Bakin Ruwa.

Game da: Ƙorafi a kan Clyde Bungay, mai kula da gini, da neman soke takardar da ta ce in fitar da kyanwata kafin 17 ga Nuwamba

Ranki ya daɗe,

Bayan gaisuwa da girmamawa, ina so a fara rubuta wannan: kafin likita, kafin gwajin jini, kafin kowa a garin nan, ni na ga cutar a jikin kyanwata Dulcie. Ranar 3 ga Satumba ta tsaya ƙasan taga tana auna tsallen da take yi kullum, sai ta fasa. Na ɗaga ta, na ji cikinta yana rawa kamar kwale-kwalen da ya sha ruwa. Na faɗa a ɗakin shan shayi, aka yi mini dariya, aka ce kifi na dura mata. Kwana tara bayan haka Dakta Noseworthy ta Marystown ta zuƙo ruwa rawaya daga cikinta, ta ce ƙwayar cuta ce mai kashe kyanwa cikin makonni, kuma da na ƙara jinkiri da sai dai a haƙa rami. Ba wanda ya zo ya ce, Kawu Hedley, ashe ka fi mu gani. Ba na jira.

Ban yi makaranta ba. Ina shekara goma sha ɗaya aka sa ni a jirgin kamun kifi. Ni nake faɗa, maƙwabciyata Uwargida Vera Tibbo take rubutawa, kuma na hana ta gyara ko kalma ɗaya. Shekarata saba'in da tara. Jirgi ya nutse da ni cikin watan Fabrairu, mu bakwai, ni kaɗai na fito, na bar wa teku yatsu biyu. Na faɗi haka ne don kwamiti ya san irin mutumin da aka aiko wa takarda.

Ga ƙorafina:

1. Cewa maganin Dulcie allura ce a ƙarƙashin fata, kullum a lokaci guda, har guda tamanin da huɗu, domin ƙwaya ba ta zama a cikinta. Maganin yana da kauri kamar mai, yana kuma da zafi. Likita ta kalli hannuna ta ce in nemi mai riƙe mini. Na ce mata mutumin da ya ɗinke koma ƙanƙara na zuba ba ya neman ɗan riƙo. Kwana shida aka yi kafin magani ya iso, kuma ban kwanta a cikinsu ba. Ta ce in koya a jikin lemo. Lemo ba shi da fatar da ake ɗagawa, sai na sayi ɗanyar kaza, na yi ta tsira mata ruwa har Vera ta ce in dafa ta haka nan ta huta. Ita kuwa Dulcie, kullum ƙarfe huɗu na yamma sai in kashe rediyo, in shimfiɗa tsohuwar rigata ta ulu a teburin kicin, in naɗe kyanwar a ciki yadda ake naɗe filafilan jirgin ruwa, hannuwa ciki, baya a buɗe. In tsunkule fatar in ɗaga, in taɓa wurin da murfin biro, in sa mata busasshen kifi a gaban hanci. Kafin kwana shida su cika, da ta ji rediyo ya yi shiru, da kanta take hawowa ta kwanta a kan rigar.

2. Cewa daga 18 ga Satumba zuwa 29 ga Oktoba na yi mata allura arba'in da biyu, rabi cif, ni kaɗai, ba fashi, ba ƙari, ba ta taɓa yi mini yaƙushi ba. Ranar Asabar ina auna ta cikin bokiti a ma'aunin kifi, domin yawan magani nauyinta yake bi. Allurar da na zuƙo magani da ita ba ita nake tsira mata ba, sabuwa nake sawa. Yau kafaɗar dama, gobe ta hagu, jibi kwiɓi. Cikin ya sace, ta koma hawa taga. Likita da bakinta ta ce ba ta taɓa ganin fatar kyanwa mai kyau haka ba a mako na shida. A tambaye ta.

3. Cewa Clyde Bungay ya san duk wannan. Akwai takarda a ƙofata mai cewa kada a ƙwanƙwasa daga huɗu saura kwata zuwa huɗu da kwata. Ya karanta a gabana, ya ce, “To, Kawu, ashe mun yi babban likita a gidan nan, sai a fara bin layi.” Yana riƙe da ni tun bazara, ranar da ya kwashe kifin da na shanya a ƙarfen matakala, ni kuma na tuna masa a gaban jama'a cewa shi kaɗai ne ɗan garin nan da ke amai tun jirgi yana ɗaure a tasha. Ban janye ba. Gaskiya ce.

4. Cewa kwamiti ya fi ni sanin ana gwada ƙararrawar gobara ne ranar Talatar farko ta wata, ƙarfe goma na safe, bayan an liƙa sanarwa. Shekara shida ina gidan nan, haka ake yi. Amma ranar Alhamis, 30 ga Oktoba, ƙarfe huɗu da minti uku, ba sanarwa, Clyde Bungay ya saki ƙararrawar, wadda ɗaya daga cikin bakunanta ke saman teburina. A lokacin allura tana cikin fatar Dulcie, babban yatsana yana kan matsewa. Ta zabura, allurar ta tsaga ta, maganin ya zube, ta bi ta hannuna ta shige bayan tankin ruwan zafi. Ba ta fito ba sai washegari da rana. Allurar ranar ta wuce, har likita ta ƙara mana kwana ɗaya, zuwa 11 ga Disamba. Clyde ya ce kuskure ne. Rana tana da awa ashirin da huɗu, ranki ya daɗe. Kuskuren da ya tsallake duka ya sauka a minti ukun nan, ya san hanya.

5. Cewa bayan ƙararrawar ya buɗe ɗakina da makullinsa ba sallama, ya ga jini a tebur da allurai, ya je ya rubuta wa kwamiti cewa tsoho ya ruɗe, yana azabtar da dabba, yana tara allurai. Jinin nawa ne, ɗinki huɗu aka yi mini. Alluran kuwa suna cikin robar da kantin magani ya ba ni, mai murfi, a kan firji. Bai tambaye ni ba, kwamiti ma bai tambaye ni ba. Sai takarda ranar 3 ga Nuwamba cewa in miƙa Dulcie gidan ajiye dabbobi kafin 17 ga wata. Na kira gidan dabbobin. Sun faɗa mini gaskiya, ba su da mai yi wa kyanwa ɗaya allura kullum. Ranar 17 ga wata saura mata guda ashirin da huɗu. In aka yanke maganin, cutar za ta dawo, ta hau mata ƙwaƙwalwa. Da Clyde ya miƙo mini takardar cewa ya yi, “Ka bari su hutar da ita, Kawu, kai ma ka huta.” Na gode wa Allah da sandata tana ɗaka.

6. Cewa abin da na gina ya rushe. Yanzu da na kashe rediyo sai ta ɓace. Rigar da take hawa da kanta, in ta gan ta sai ta yi fitsari. Kullum sai na rarrafa da gwiwoyin nan na jawo ta, tana kuka irin wanda ban taɓa ji ba. Vera, mai shekara tamanin da uku, ita ke danne mini ita, kuma ta sha yagu har gwiwar hannu. A ƙarƙashin akwatin kifi na tsinci kyanwar nan bara, ba ta kai tafin hannuna ba. Jiya na miƙa mata kifi ta kau da kai. Wannan shi ne abin da ba zan yafe ba.

Saboda haka, cikin ladabi, ina roƙon kwamiti:

Na farko, a soke takardar 3 ga Nuwamba a rubuce, kafin Juma'a, a kuma cire kalmar “ya ruɗe” daga duk inda aka ajiye ta.

Na biyu, a sa Clyde Bungay ya tsaya a ɗakin shan shayi ranar da ya fi cika, ya karanta rahotonsa da ƙarfi, sannan ya faɗi jinin wa ya gani.

Na uku, kada a kore shi. Kora sauƙi ce, ba na so ya samu. Saura allura talatin da bakwai har da ta yau, kuma yanzu aikin na mutum biyu ne, shi ya mai da shi haka. A umarce shi ya zo ɗakina kullum, har Lahadi, ya durƙusa ya fito da ita daga bayan tanki, ya riƙe ta har in zare allura. Ba safar hannu, domin warin fata yana firgita ta. Vera ta huta. Zan koya masa naɗin, sau ɗaya.

Ina kuma sanar da kwamiti cewa ko an soke ko ba a soke ba, Dulcie ba za ta fita ta ƙofar nan ba sai bayan 11 ga Disamba, kuma ranar ma ba fita za ta yi ba, taga za ta hau. Wanda yake ganin tsoho ne ke cika baki, ko cikin kwamiti ko wajensa, ya zo yau. Zan zuƙa maganin, in miƙa masa allurar, in zauna in naɗe hannu. Yana da yatsu goma. In ya sa mata ba ta zubar ba, shi ma bai zubar da jini ba, ni da kaina zan kwashe kayana in bar muku ɗakin.

Ki huta lafiya, ranki ya daɗe.

Naki cikin biyayya da girmamawa,

Hedley Pardy
(sa hannuna ne, da hannun da aka ɗinke)