Sunan da Za a Sa wa Uwar Shuka

Avondale, Colorado
3 ga Maris

Zuwa ga Corinne, ƙanwar matata,

Bayan gaisuwa, da fatan gwiwarki ta yi sauƙi.

Bari in tuna miki ko ni wane ne. Daga sakandare na tsaya, ba wanda ya biya mini kwaleji. Ni na haƙa rijiyar gonar nan. Ni na gina ɗakin shuka da katakon tsohon rumbu, na ja wuta, na karɓo lasisi ba tare da lauya ba. Shekara tara ina haɗa irin wiwi har na fitar da wadda man da ake tatsa daga gare ta ke tsayar da karkarwa da farfaɗiya ba tare da ta bugar da mutum ba. Likitoci masu digiri ba su yi ba, Orval ne ya yi.

Yanzu na ji ƙungiyarku ta iyayen marasa lafiya za ta sa wa shukar suna "Nadine". Na so marigayiya matata Nadine, kin sani. Amma Nadine sha ta yi, ni na noma. Uwar shukar guda ɗaya ce a duniya, kuma a ɗakina take. Ba reshe ɗaya da zai fita dashe sai an rubuta sunana.

Naki,
Orval Stubbs

Colorado Springs
9 ga Maris

Orval, tsoho mai taurin kai,

Na gode da tambayar gwiwa, tana nan tana gunaguni kamarka.

Rijiya taka ce, rumbu naka ne, ban musa ba. Amma ina tsaye ranar da ka ɗauko shebur za ka tumɓuke shukar nan. Cewa ka yi, "Wiwin da ba ta bugarwa ai ciyawa ce, wa zai saya?" Yayata ta tare ƙofa, hannunta na hagu yana kaɗawa, ta ce, "Taɓa ta ka gani, yau a mota za ka kwana."

Gonarka ba ta iya wadatar da kowa da kowa, shi ya sa muke neman rassan. Akwai Tessa, 'yar maƙwabciyata, mai shekara shida. A da tana faɗuwa sau talatin a yini, yanzu sai ta yi mako lafiya. Man da ya rage mata na wata biyu ne, shuka kuwa ba ta sauri don wani.

Sannan, ina tokar gawar Nadine? Ka ce za mu watsa a kogi tare, yau shekara guda.

Ki... ka ga har na rubuta "ki", na saba ita nake rubuta wa a adireshin nan. Ka huta lafiya.
Corinne

Avondale
24 ga Maris

Corinne,

Ina gaisuwa.

Tokar tana cikin tukunyar uwar shukar. Toka taki ce, duk manomi ya sani. Kada ki yi mini wa'azi.

Zan faɗa miki abu, in kika yi dariya mun rabu. Kullum ƙarfe huɗu na yamma, lokacin da jikin Nadine kan tashi, ganyen uwar yakan fara karkarwa. Ɓangaren hagu kaɗai. Na kashe fanka, na toshe ƙofa da tsumma, bai daina ba. Ran Talata na ɗiga man a ƙasar tukunyar, ɗigo uku, yadda nake sa mata ƙarƙashin harshe. Kafin minti goma ganyen ya kwanta.

Na yanki rassa ashirin da huɗu don gwaji. Ƙasa ɗaya, ruwa ɗaya, fitila ɗaya. Sha biyu na manna musu takarda mai sunana, sha biyu na bar su haka. Masu sunana duk sun yi baƙi sun langaɓe. Sauran sun yi saiwa fara tas. Na sake yanko wasu ashirin da huɗu, na canza musu wuri. Haka dai.

Ni ba mai camfi ba ne. Wataƙila gam ɗin takardar ne. Maganata ta farko tana nan.

Orval

Colorado Springs
29 ga Maris

Orval,

Gaisuwa, da zuciya ɗaya.

Ban yi dariya ba. Sai da na ɗauko gilashin ƙara girma kafin na karanta wasiƙarka. Rubutunka ya ƙanƙance, yana tafiya yana tsukewa zuwa ƙarshen layi. Na ɗauko wasiƙun Nadine na shekarar da ciwon ya fara mata, na ajiye gefe da gefe. Ban iya bambance su ba.

In ka ga ganyen yana rawa, ka dubi hannun da ke riƙe da tukunyar. Ka je wajen likita, don Allah.

Jiya uwar Tessa ta fara rage mata ɗigo don man ya kai. Yarinyar ta faɗi sau biyu.

Taka,
Corinne

Avondale
2 ga Afrilu

Corinne,

Na duba. Hannuwana suna aljihu, ganyen yana yi. Da na fito da su, su ma suna yi. Ban san wanda ya koya wa wani ba.

Ki zo ran Asabar da motar ɗanki, kafin ƙarfe huɗu. Rassa ashirin da huɗu ne masu rai. Kada a manna musu komai. A kwalbar man ku sa sunan Nadine, tunda ita ta ƙi sakin abin.

Amma ki saurare ni. A littafin ƙungiyarku, nesa da shukar, inda ba zai kashe komai ba, a rubuta wanda ya noma ta. Ke za ki rubuta, nawa hannun ba ya cika layi yanzu. Da manyan baƙaƙe, kuma cikakke: ORVAL DEAN STUBBS. Ki kawo littafin in gani da idona.

Orval