Kiran da Umma Ba Ta Amsa Ba

Ulaisha, Riyad
Juma'a

Zuwa ga ta Malaz,

Assalamu alaikum. Ina fatan kin tashi lafiya, ke da mai gidanki. Mu nan lafiya lau, sai gwiwar babanki da take damunsa in ya hau matakala. Ga tuwon shinkafa da miyar kuka nan a kula. Na saka takardar nan a gindin kwando don magana ce da ba ta waya ba. Ki dawo da kular a wanke. Ta makon jiya da maiƙo a bakin murfi ta dawo.

Ranar Talata mun je barka gidan Hajiya Jamilatu. Ana cikin shan shayi ta miƙo mini wayarta a gaban mata, ta ce, “Hajiya Iyatu, wannan ba babbar 'yarki ba ce?” Na duba. Ke ce. Kina tsaye a cikin wani sito tsakanin kwalaye, kin rataya jita, kin wage baki har ana ganin dasashi. Mijinki yana bayanki yana jibgar ganguna kamar sun yi masa laifi. Na mayar mata da wayarta, na ce a ƙara mini sukari.

Da na dawo na tsare ƙanwarki Hanifa. Ta ce sunan abin fank, kuma ku biyu ne kaɗai ƙungiyar. Wai ba ku da kamfani, ku kuke naɗar waƙoƙinku, ku kuke buga rigunanku. Ta faɗi haka kamar abin yabo. Ni na gama sakandare a Zariya, mun yi waƙoƙin makaranta, na san waƙa tana da amshi da ma'ana. Abin da na ji a wayar nan ihu ne.

Ta kuma ce kun sa wa kanku suna Ba Kafili. A ƙasar da ikamar mijinki, wato takardar zamansa, take hannun kafilinsa, ubangidan da ya tsaya masa, siton da kuke ihun a ciki ma na kafilin ne. Ki zauna ki yi tunani.

Babanki ya tsufa yana tuƙa motar ofishin jakadanci, ba a taɓa jin muryarsa a titi ba. Da wannan shirun muka zauna lafiya a ƙasar mutane, da shi muka raine ku. Mace mai aure ba ta tsayawa gaban jama'a tana buɗe maƙogwaro. Kin san takardun ritayarsa sun fito, bayan Babbar Sallah za mu koma Zariya gaba ɗaya. Ina so in bar garin nan da mutuncin da na shigo da shi.

Ki gaida mai gidan. Allah Ya shirye ku.

Mahaifiyarki,
Iyatu Sabo

*

Malaz
Asabar

Umma,

Wa alaikumus salam. Ina gaisuwa, ina yi wa Baba sannu da ƙafa. Tuwon ya yi daɗi. Na wanke kular sau biyu, ki duba murfin.

Wallahi da na ga takarda a kwando na san da magana, don rabon da ki rubuta mini tun lokacin da na aske gefen kaina. Ya'ani, na san zancen zai iso gare ki, amma ban so ya biyo ta wayar Hajiya Jamilatu ba.

Bari in gaya miki yadda abin ya fara. Mijina Ghazali in yana jiran mota a sito ba ya iya zama shiru, kwalaye yake bugawa da sanduna. Ni kuma na tsinci tsohuwar jita a kasuwar gwanjo, wuyanta a tsage, muka ɗaure shi da salatif. Ba mu iya komai ba, Umma. Shi ya sa muka zaɓi fank, don shi ba ya tambayar ko ka iya. Kana da abin faɗa, ka faɗa da ƙarfi, halas, shi ke nan.

Maganar suna kuma ma fi mushkila in ji Larabawa, ba matsala. Kamfanin waƙa muke nufi da kafili. Kafilin Ghazali da ya gani dariya ya yi, ya ce a buga masa riga babba. Shi ya ba mu siton na unguwar Sulay duk Juma'a bayan la'asar, sharaɗinsa ɗaya, kada mu taɓa motar ɗaga kaya.

Juma'ar farko bayan Sallah za mu yi wasanmu na farko a gaban mutane, a wata istiraha, irin gidajen shaƙatawar nan da ake haya a bayan gari. Masu shirya abin sun ce da izini, iyalai ma suna zuwa. Da hijabina nake yi, kin dai gani a bidiyon. Akwai kujeru a baya, akwai audugar toshe kunne. Ina so ki zo kafin ku tafi. Waƙar ƙarshe taki ce, tun kafin mu sami ganguna na rubuta ta.

Ki gaida Baba da Hanifa da Mujtaba. Ghazali yana gaisuwa, ya ce a gaya miki gangunan ba su yi masa laifin komai ba.

'Yarki,
Nazira

*

Ulaisha
Juma'a

Zuwa ga ta Malaz,

Assalamu alaikum. Kula ta iso a wanke. Yau dambu ne.

Na sa Hanifa ta kunna mini waƙar da kika ce tawa ce. Na saurare ta har ƙarshe, don ba na yanke hukunci a kan abin da ban ji ba. Babu baiti a cikinta. Kalma biyu ce, irin kiran da Larabawa suke yi wa uwa da sunan abin da ta haifa. Kina ƙwala kiran, ganguna su tsaya, a yi shiru. Ki sake ƙwalawa, a sake shiru. Na gane. Shirun ni ce.

Ke 'yar fari ce. Kin san uwa ba ta kama sunan ɗanta na fari, ba ta wasa da shi a gaban mutane. Ba ni na ƙirƙiro wannan ba. Mahaifiyata ta rasu ba ta taɓa furta sunan Yaya Mukhtari ba, kuma a hannunsa ta cika. Bai taɓa hawa kan kwali ya kai ƙararta wurin baƙi ba. Kunya ce, kuma kunya ado ce ga uwa. Ku da kuka tashi a nan kun ɗauka duk abin da ba a faɗa ba babu shi.

Ga maganata. Sauran ihun naku na bar ku da Allah, tunda mijinki ya yarda, shi ke da ke yanzu. Amma wannan ɗaya ban yarda ba. In kika tsaya gaban yaran Larabawa da Filifinawa kika kira ni da wannan kiran don su ji ban amsa ba, to kada ki wahalar da kanki zuwa filin jirgi. Za mu tafi ba sallama.

Ba fushi nake yi ba. Ina gaya miki yadda abin zai kasance ne.

Allah Ya ganar da ku.

Mahaifiyarki,
Iyatu Sabo

*

Sulay
Lahadi

Zuwa ga Hajiya,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ku cikin girmamawa, da fatan Baba yana samun sauƙi. Ku gafarce ni da na rubuto. Na san bai dace suruki ya sa baki tsakanin uwa da 'ya ba, shi ya sa na roƙi Baba ya miƙa da hannunsa, in kun ga dama ku karanta.

Ni a Funtuwa na tashi, na san kunyar ɗan fari. Da farko Nazira ta ce ni zan riƙa yin kiran. Na ce mata har abada bakina ba zai kira surukata da ƙarfi ba, ko a waƙa. Ko yanzu in muka zo wurin kiran a waƙar, kaina a ƙasa yake.

Abu ɗaya nake so ku sani. Tun da takardarku ta zo ba ta taɓa jitar ba. Tana zuwa aiki, tana dawowa, tana girki. Ba ta kuka, ba ta magana. Jiya ta tambaye ni ko akwai wanda zai sayi lasifikar.

Ƙofar siton babba ce, muna barinta a buɗe saboda zafi. Mota tana iya tsayawa a inuwar katanga ba wanda ya san wa ke ciki. Juma'a ce bayan la'asar. Ban ce ku zo ba. Na dai faɗi yadda wurin yake.

Na gode da dambu.

Ɗanku,
Ghazali Maikuɗi

*

Malaz
Laraba

Umma,

Ina gaisuwa. Ban san Ghazali ya rubuta miki ba sai da Baba ya faɗa. Ki yi haƙuri da shi.

Na san al'adar, Umma. Amma na girma kafin wani ya bayyana mini ita, kuma kafin nan abin ya riga ya zauna.

Kin tuna Umm Saleh, 'yar Yaman ɗin da ke hawan ƙasa a gidanmu na Ulaisha? Lokacin ni kaɗai gare ki. In mun dawo daga shago takan leƙo ta ƙwala, “Ya Umm Nazira!” Ina riƙe da gefen abayarki a kan matakala. Nakan ɗaga kai in dube ki. Ba kya juyawa. Ta sake kira, ba kya juyawa. Kullum haka. Wata rana na ji tana tambayar maƙwabciyarta ko riƙona kike yi. 'Ya'yanta suka kai maganar makaranta, aka riƙa ce mini 'yar riƙo. Ban gaya miki ba, don ban san ko gaskiya ce ba.

Da aka haifi Mujtaba, ɗa namiji, ta koma cewa Umm Mujtaba, yadda al'adarsu take. Kira ɗaya kika amsa. Ina nan tsaye.

Su a wurinsu uwa da sunan ɗanta take ado. Ke a wurinki da ɓoye shi. Ni ce a tsakiya a kan matakala, ba wanda ya yi mini tafinta. Waƙar ke nan, ba wani abu a ciki. Ba ƙararki nake kaiwa ba. Abin da ya faru ne, kuma shi kaɗai na iya faɗa da ƙarfi.

Tayyib, na ji. In kin ce a cire, an cire. Ba zan bari ki hau jirgi ba mu yi sallama ba, ko da za a rufe ƙungiyar gaba ɗaya. Juma'ar nan za mu buga ta sau ɗaya a sito, mu da kwalaye, daga nan shi ke nan.

Ga kular. Ki gaida kowa.

'Yarki,
Nazira

*

Ulaisha
Asabar

Zuwa ga ta Malaz,

Assalamu alaikum. Jiya babanki ya ce zai duba wani mai gyaran taya a Sulay, na raka shi. Mun tsaya a inuwar wata katanga. Na sauke gilashi kaɗan saboda zafi.

Har yanzu ihu ne. Mijinki yana sauri fiye da kima, ke kuma kina tsayawa a karkace, bayanki zai yi ciwo kafin ki kai shekaruna. Ki riƙa shan ruwan ɗumi da zuma. Hijabin ya yi gajere ta baya.

Maganar 'yar riƙo ban sani ba sai a takardarki. Da na sani da na sauka na sami matar nan.

Na tuna Umm Saleh. Gaskiya ne ban taɓa amsa mata ba, kuma ko yau ta kira ba zan amsa ba. Amma ke kina kallon fuskata ne, ba ki kalli ƙafata ba. In ta kira, nakan rage tafiya. Nakan tsaya gyara ledar kaya, ko in ce takalminki ya kwance, don ta sake kira. A duk garin nan ita kaɗai take faɗar sunan a haɗe da ni, kuma ni ba ni da bakin faɗarsa. Ranar da ta koma Umm Mujtaba, da sauri na riƙa hawa.

Kada ki sayar da lasifikar. Ki yi waƙarki ranar Juma'ar bayan Sallah. Ba zan zo ba, wurin ba na irina ba ne. Amma shirun da kuke bari bayan kiran ya yi gajere, mijinki yana katse shi da wuri. Ki ce ya jira. Nakan kai hawa na biyu kafin ta sake kira.

Kular ki riƙe, ba za ta shiga akwati ba. Ku zo filin jirgi da wuri, kin san babanki.

Allah Ya yi muku albarka.

Mahaifiyarki